Mai Birki a Gangaren Kalnik

Asabar, 30 ga Maris

Yau aka jawo shi cikin rumfa. Tarago mai lamba sittin da huɗu. Ban ce wa kowa komai ba sai da na zagaya ta baya na duba matakin hagu, wanda ya lanƙwashe ranar da gungume ya suɓuce mana, shekarar da aka haifi 'yata Halina. Yana nan a lanƙwashe. Nawa ne.

Shekara goma sha tara na yi ina tsaye a bayan taragon nan ina murɗa birki, muna sauko da gumagumai daga daji. Tun da aka rufe layin yake yashe a bayan gidan wani manomi, kaji na kwana a ciki. Katakon ya ruɓe, tsatsa ta ci rabin ƙarfen.

Pan Ludwik, wato Malam Ludwik, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan sa kai, likitan haƙori ne da ya yi ritaya, bai taɓa cin abincin jirgi ba. Amma mutumin kirki ne. Ya ce yana so a gama kafin ashirin da uku ga Yuni, ranar da za a buɗe layin ga baƙi. Kan jirgi, taragon fasinja biyu, sai na kaya ɗaya a can baya, da mai birki a tsaye a kansa yadda ake yi a da.

"Wa muke da shi in ba kai ba, Pan Teofil?"

Na ce zan duba. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Mu bakwai ne masu birki a layin nan. Ni kaɗai na rage.

Talata, 2 ga Afrilu

Gwiwa. Ban fita ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Mun yaye tsohon katakon. Na ce mun, amma ni zama na yi a kan akwati ina goge kusoshi da burushin ƙarfe, ina jefa su cikin gwangwanin kananzir. Abin da hannuna ke iyawa ke nan yanzu.

Pani Wiesia, wato Malama Wiesia, ita ce ke aikin ƙarfen. Ta kai hamsin da biyar, ta yi walda a masana'anta har aka rufe ta. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta tambayar kowa. Ta yanke sandar birkin da ta ruɓe ta ce za ta haɗa sabuwa. Na ce a zamaninmu maƙeri ne ke ƙera ta sukutum, ba a jona ta. Ta ɗaga gilashin fuskarta ta dube ni.

"To kawo maƙerin, Pan Teofil. Ina jira."

Maƙerin yana kwance a bayan coci, jere biyu daga kabarin matata Leokadia.

Gienek direba ya ce in an gama da taragon sai a kwantar da ni ni ma a kankare mini tsatsa. Na ce ya fara da tumbinsa, wanda ya fi kan jirgin cin kwal. An yi dariya. Na daɗe ban sa mutane dariya ba. A cikin bas ina ta maimaita maganar a raina kamar yaro.

Laraba, 10 ga Afrilu

Butar shayi, mai yin kuka in ruwa ya tafasa, ta ƙone ƙurmus. Ina zaune a ɗakin girkin, kusa da ita, ina karanta jarida. Ba ta yi kuka ba. Ko kuwa ta yi.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ista. Na dafa ƙwai biyu, na ci ɗaya. Halina ta kira daga Jamus. Na buɗe taga don ta ji ƙararrawar coci, wadda ni ma ina jin ta, ƙasa-ƙasa. Sai ta ce, "Kai, Baba, wane tsuntsu ne ke rera waƙa haka a wurinku? Kamar a cikin ɗakin yake." Na ce wanda ya saba zuwa ne. Da ta ajiye wayar na tsaya a tagar na daɗe. Na ga tsuntsun a kan reshe, baki a buɗe, maƙogwaro na rawa. Shiru.

Muryar maza ina ji. Guduma ina ji. Abu mai siririyar ƙara ne ya tafi, ban san yaushe ba. Da Leokadia na raye da ta lura, ta faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Gienek ya hura wuta a kan jirgin, karo na farko a bana. Warin kwal da man inji. Sai da na riƙe ginshiƙi.

Ya ja igiyar usur. Na ga farin tururi ya tashi, na ga Pan Ludwik ya toshe kunne. Ni ban ji komai ba sai wani ɗan huci.

In rubuta gaskiya a nan tunda ba mai karantawa. Aikin mai birki da kunne ake yin sa. Direba na can gaba, kai kana can baya, daji da kwanoni a tsakaninku, ba ka ganin sa. Ya busa gajeru uku, ka ɗaure. Ya busa dogaye biyu, ka saki. Shi ke nan aikin. Mai birkin da ba ya jin usur kaya ne kawai aka ɗora.

Amma. Na san gangaren Kalnik kamar ɗakin kwanana. Marigayi Ignacy da ya koya mini aikin yakan ce usur na sabon shiga ne, tsohon hannu da tafin ƙafa yake ji. Kuma haka ne. Kafin direba ya kai hannu ga igiya, ka riga ka ji sarƙar ta yi sako-sako a ƙarƙashinka, taragon ya fara tura na gabansa. Daga gadar katako ake ɗaurewa, murɗi goma sha huɗu, a saki a wurin tsohuwar rijiya. Na yi shi sau dubu nawa? Cikin dusar ƙanƙara, hannu ya sandare, gashin baki ya daskare.

Sau ɗaya kawai nake so in ƙara yin sa. Ba na roƙon komai bayan wannan.

Asabar, 11 ga Mayu

Sabon katako ya hau. Ƙamshinsa ya cika rumfar. Na nuna musu yadda ake barin 'yar tazara tsakanin alluna don ruwa ya samu hanya, in ba haka ba damina biyu su kumbura. Pan Ludwik ya rubuta a ɗan littafinsa. Komai sai ya rubuta.

Pani Wiesia ta haɗa sandarta. Na shafa wurin jonin da yatsa, ban ji tudu ba. Aiki ne mai kyau. Ban faɗa ba.

Da rana ta kawo miyar kabeji a babbar tukunya, muka ci a kan taragon, ƙafafu na lilo. Ta zuba mini sau biyu ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ciro tsohuwar rigar aiki daga akwati. Mutum biyu irina za su shiga. Na matsar da maɓallan da kaina, allura ta soke ni sau uku.

Asabar, 18 ga Mayu

Fenti. Toka-toka, irin na da. Na hau matakin na kama mariƙin birkin na murɗa. Lafiya lau yake juyawa, kamar bai taɓa tsayawa ba. Na tsaya a wurin har Gienek ya ce, "A sauko da tsohon nan, ko mu yi masa fenti tare da taragon." Asabar mai zuwa gwaji.

Asabar, 25 ga Mayu

Ba zan rubuta yau ba.

Litinin, 27 ga Mayu

To.

Mun hau har ƙarshen layin lafiya. Iska a fuska, bishiyoyi na wucewa kusa har ka taɓa. Na ga inda bukkarmu take a da, yanzu sai ciyawa. Na yi wa Ignacy magana a raina, na ce ga ni na dawo.

Da muka juyo, a gadar katako na ji sarƙar ta saki a tafin ƙafata, daidai inda na san za ta saki. Na murɗa. Goma sha huɗu. Hannuna ne ya ƙirga, ba ni ba.

Goma sha huɗu na tarago ne mai ɗauke da gumagumai. Wannan fayau yake, ba komai a ciki sai ni. Shida ya ishe shi. Na san haka, yaron da ya yi wata guda a aikin ya san haka. Amma ban taɓa sauka gangaren nan da tarago marar kaya ba, ko sau ɗaya a rayuwata. Fanko muke hawa, cike muke saukowa.

Ƙafafun taragon suka cije. Suka daina juyawa, suna ta jan ciki a kan dogo. Na ji wani santsi a ƙarƙashina, na ce a raina kai, Wiesia ta iya aiki, ko girgiza babu. Ashe Gienek ya leƙo a kwana ya ga tartsatsi, yana ta busa dogaye biyu, dogaye biyu. Sau biyar, in ji shi. Ni ina tsaye ina kallon daji ina murmushi. Sai a rijiya na saki, kamar yadda na saba. Nan take na ji shi: gaf, gaf, gaf. Dogo ya cinye gefen ƙafafun, sun yi faɗi a wuri guda. Duk huɗun.

A tasha Gienek ya diro fuskarsa jawur.

"Pan Teofil! Barci kake yi? Na kusa tsinke igiyar!"

Kowa ya taru. Sai na ji bakina yana cewa, "Na ji ka. Na saki tun busa ta farko. Birkin ne ya ƙi sakewa."

Duk suka juya suka dubi Pani Wiesia.

Ta cire safar hannunta ta shiga ƙarƙashin taragon.

Laraba, 29 ga Mayu

Pan Ludwik ya kira. Ya ce kada in damu, ba laifina ba ne, da ma na yi gargaɗi a kan sandar da aka jona, ya ga ya rubuta a littafinsa. Wani abokin Gienek mai injin gyaran ƙarfe zai daidaita ƙafafun, za su dawo kan lokaci. Sandar kuma za a kai wani wuri a sake ta. "Wurinka na nan, Pan Teofil." Na ce na gode.

Na gode, na ce.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na kai wa Leokadia furanni. Ban gaya mata ba. Na share ganyen da ya zuba na dawo.

Asabar, 1 ga Yuni

Pani Wiesia ta kwance birkin gaba ɗaya, ta jera shi a kan buhu a ƙasa, kowane ƙarfe da notinsa. Tun safe take aunawa. Ba wanda ya je kusa da ita. Ba a kawo miya ba yau, kowa ya ci burodinsa a kusurwarsa.

Na ji Pan Ludwik yana ce mata, cikin ladabi irin nasa, wai ko za ta koma wajen fenti na ɗan lokaci. Ta ce, "Shekara talatin ina walda, Pan Dokta, ba abin da na jona da ya taɓa kunyata ni. In fenti kuke so, ku nemi mai fenti." Ta fara zuba kayanta a jaka.

Na zauna a kan akwatina ina goge kusar da na riga na goge.

Ta wuce ta gabana za ta fita. Ta tsaya. Na ɗauka za ta zage ni. Sai ta ce, "Ka sha maganinka na rana?" Ta tafi.

Lahadi, 2 ga Yuni

In na yi shiru zan hau ran ashirin da uku. Yanzu na san shida ne, ba zan sake kuskuren ba. Ba wanda zai sani.

Da fasinja a gaba. Da yara a taga. In saniya ta hau layi, Gienek ya busa gajeru uku a inda ba a saba ba?

Ignacy ya taɓa marin wani saboda ya ɗora wa ɗan uwansa laifin da ba nasa ba. A gaban kowa, a bukkar nan. Ni na riƙe masa hula.

Laraba, 5 ga Yuni

Na sa rigar na tsaya gaban madubi. Na cire na mayar akwati.

Asabar, 8 ga Yuni

Pani Wiesia ta zo ɗaukar injin waldarta. Kowa na nan. Na miƙe na ce ina da magana. Na shirya ta tun a bas, mai tsawo, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Birkin lafiyarsa ƙalau. Ni ne. Na ɗaure shi kamar da kaya a ciki, kuma ban saki ba don ban ji usur ba. Ba na jin sa. Na yi ƙarya, na bar Pani Wiesia da ita mako biyu."

Pan Ludwik ya buɗe littafinsa ya rufe.

Gienek ya ce, "Sau biyar fa!" Sannan ya ce, "Ashe duk zagin da nake maka ta baya asara nake yi." Ba wanda ya yi dariya sai shi, shi ma bai kai ƙarshe ba.

Na bi ta waje. Tana ɗaure injin a bayan motarta. Na ce ta yafe mini. Ba ta juyo ba.

"Tun Afrilu na sani," in ji ta. "Na tsaya a bayanka, don in gwada ka, na ce rigarka ta kama wuta. Ko gezau."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga yadda kake kallon matakin nan. Na ce ƙila ƙafarka ta isa." Ta ja igiyar da ƙarfi. "Don haka rabin laifin ƙafafun nan nawa ne. Amma ƙaryar taka ce kai kaɗai, Pan Teofil, ba na ɗaukar maka ko ƙwaya."

Na ce haka ne.

Ta daɗe tana kallon igiyar. Sannan ta fara kwance ta.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ba zan hau ba. Na rubuta don in gani da idona.

Talata, 11 ga Yuni

Ruwa tun safe. Na yi mafarkin muna saukowa, mu bakwai, kowa a taragonsa, ana jin usur tun daga ƙasan kwari.

Asabar, 15 ga Yuni

Ƙafafun sun dawo sumul. Pan Ludwik ya ce tunda ba mai birki, sai a bar taragon a tasha mutane su kalla. A tsaye, kamar a bayan gidan manomin, sai dai ba kaji. Na ce akwai mai birki. Ban san zan faɗa ba. Na nuna Pani Wiesia.

Ta ce, "Ni? Ni mai walda ce."

"Kina da kunne. Sauran zan zuba miki."

Mun hau mun sauka sau huɗu, ina zaune a cikin taragon a kan akwati, tana tsaye a wurina. A wurin mai birki, nake nufi. Tana murɗawa kamar mai rufe famfo, gaba ɗaya. Na ce ba haka ba, a hankali, ki ba shi ki ji abin da zai ce miki, sannan ki ƙara. Na sa ta cire takalman aikin nan masu kaurin ƙasa ta sa na roba, don ta ji sarƙar. Ta ce in na sake cewa "a zamaninmu" za ta jefa ni cikin rafi. Na sake faɗa sau biyu.

A sauka ta huɗu ta juyo tun kafin gada. "Na ji! Ya saki a ƙafata!" Fuskarta kamar ta 'yar makaranta.

Na yi murna. Na kuma ji kamar an zare mini wani abu daga ƙirji. Duka biyun.

Lahadi, 23 ga Yuni

Mutane sun fi yadda muka zata. Pan Ludwik ya yi jawabi mai tsawo, na huta da jin rabinsa. An ɗora gumagumai shida a taragon don ya yi kama da na da, aka bar mini gurbi a tsakiya, Gienek ya ɗaure kujera da igiya ya ce kaya mai fashewa ne, a bi a hankali. Na ce wa Wiesia da wannan nauyin tara za ta yi, ba shida ba. Ta ce ta riga ta lissafa, har da ni.

Daga inda nake bayanta kawai nake gani, da bishiyoyi. Da muka doshi gada ban ji komai ba. Na ga kafaɗarta ta motsa, sai na san an busa. Na ga ta sake motsawa a rijiya. Haka na ji usur yau, duka biyun.

Ta makara da numfashi guda a gadar. Da Ignacy ne da ya yi magana.

A tasha ta sauko tana share hannu a wando, ta ce, "To? Faɗi. Na san akwai."

Na ce babu.

Ta ce in ta sake jin ƙarya a bakina ba ni ba miya. Na ce to ranar Asabar zan faɗa mata, in mun hau.